Abin da gefen fim ya koya mini a Nima

Na koyi ɗaukar hoto da fim a hannun wani dattijo mai ɗan shago a unguwar Nima a birnin Accra, wanda ya daɗe yana bin bukukuwan aure da na suna a unguwannin Zango tun kafin wayar hannu ta raba masu wannan sana'a da abincinsu. Kyamarar da ya damƙa mini Pentax K1000 ce, samfurin da aka fara ƙerawa a 1976, wadda batirinta ma'aunin haske kaɗai yake ciyarwa, saboda haka ko ya mutu ba ta fasa ɗauka.

Aikina na farko ni kaɗai shi ne sunan ɗan yayata a Mamobi. Na ɗauki hotuna har ƙidayar kyamara ta kai 36, na dawo ina jin kaina, amma da muka wanke fim ɗin muka warware shi sai ga shi fayau, babu ko inuwar ragon suna. Nan take na ɗora laifin a kan ruwan wanki. Baba, wato dattijon nan, bai yi mini musu ba, sai ya ɗaga fim ɗin saitin hasken ƙofa ya ce, "Yaro, karanta mini abin da ke rubuce a gefen nan." Na karanta sunan kamfanin fim ɗin, Ilford, da lambobi a jere. Ya bayyana mini cewa tun a masana'anta ake buga wannan rubutu da haske, kuma ba ya fitowa sai ruwan farko, wato mai fito da hoto, ya yi aikinsa. Tunda rubutun ya fito, ruwan ba shi da laifi. Bakin fim ɗin ne bai kama sandar da ke naɗe shi ba, na wuni ina ja ina latsawa fim yana kwance a gwangwaninsa. Da rubutun ma bai fito ba, to da sai a ce ruwan ya mutu, ko kuma na riga zuba ruwan tabbatar da hoto kafin na farko. Kunyar da na sha a gaban yayata ba ta faɗuwa, kuma tun ranar ba na yarda fim ya hau sai na ga marfin da ake murɗawa a mayar da fim gwangwaninsa, na ɓangaren hagu, yana juyawa duk lokacin da na ja.

Abin da ya fi ba ni wahala bayan wannan shi ne zafi. Lokutan da kamfanoni ke rubutawa don wanke baƙi da fari da ruwa irin D-76 na Kodak an auna su ne a kan digiri 20, alhali ruwan tankinmu da ya wuni a rana ya zarce haka nesa ba kusa ba. Ruwa mai ɗumi yana gaggauta aikin sinadari, sai farin ya ƙone, baƙin ya toshe, fuskar mutum ta fito da tsakuwa-tsakuwa. Na gwada rage lokaci, amma idan ya gaza minti 5 wankin ba ya bin fim ɗin daidai, wani wuri ya fi wani kamawa. Daga ƙarshe ƙanƙara nake saye a wajen wata maƙwabciya, in jera kwalaben ruwan wankin guda uku a roba guda har ma'aunin zafi ya sauka 20, domin dukkansu su zama ɗaya. A ganina wankin mai launi, wanda ke neman kusan digiri 38, ya fi dacewa da garin nan. Idan na yi ƙorafi, Baba yakan tuna mini cewa mai ɗaukar hoton nan James Barnor ya buɗe shagonsa na hoto, Ever Young, a unguwar Jamestown ta Accra tun shekarun 1950, kuma wannan zafin ne ya yi aiki a cikinsa.

Laima kuwa ɓarnarta a ɓoye take. Gilashin kyamara da na bari cikin jakar fata a damina ya yi fumfuna kamar saƙar gizo, shi ya sa yanzu nake ajiye kaya a roba mai marfi tare da ƙullin da ke tsotse danshi. Lokacin hunturu sai na yayyafa ruwa a banɗaki ƙura ta kwanta kafin in shanya fim.

Soson da ke toshe ƙofar bayan kyamara ma zafi da laima suna narkar da shi ya koma kamar kwalta. Da na fara ganin wani zane yana maimaita kansa a hotunana, ban tambayi kowa ba, na ɗaga fim ɗin na duba gefensa. Zanen ya tsallake iyakar hoton ya hau kan ramukan gefe, inda hasken da ya biyo ta gilashi ba ya kaiwa, wanda ke nuna ta baya yake shigowa. Na liƙe bakin ƙofar da baƙin tef na masu gyaran wuta, na yi wata biyu ina aiki a haka kafin na sami sabon soso.