Yadda elektrod ɗin da babu enzayim ya tona min asiri

Ranar da na fara haɗa biyosensa, wato ƴar na'ura ta auna sukari, da hannuna wallahi ji nake kamar na gama digirin. A takarda abin kamar wasa ne, ka samu ƴar wayar filatinam, ita ce elektrod ɗin, ka liƙa mata enzayim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai, mai suna glucose oxidase da ake cirowa daga fumfunar Aspergillus niger, shi kenan. Enzayim ya kama gulukos da iskar oksijin ya fitar da haidrojin feroksaid, ita kuma filatinam idan ka ba ta wajen bolt 0.65 sai ta farfasa feroksaid ɗin, lantarki ya motsa, yawan motsinsa ya gaya maka yawan sukarin.

Dabarar haɗa enzayim da elektrod ta Leland Clark ce, Ba'amurke, shi da Champ Lyons suka fito da ita a 1962, kuma ni a lokacin har raina ta na yi a zuciyata, na ce to ai kowa ma zai iya tunanin wannan.

Na farko da na yi ko motsi bai yi ba. Na zabga glutaraldehyde, sinadarin da ke ɗaure enzayim, da yawa wai don enzayim ya kamu sosai kar ya wanke, sai abin ya bushe ya koma rawaya-rawaya ya yi tauri kamar ƙaro, enzayim ɗin ya ɗaure tamau ya kasa aiki. Na rage, na haɗa da BSA, wani furotin na jinin shanu, na huɗu ya tashi. A cikin ruwan fosfet mai pH 7 duk ɗigon gulukos da na zuba sai layin kan kwamfuta ya hau kamar matakala, kai ranar har hoto na ɗauka.

Sai na sa ruwan jini, lambar ta fito sama da yadda ya kamata, na sake, haka dai, ni kuma maimakon in tsaya in yi tunani sai na ruga wajen Malam ina cewa nawa ya fi injin asibiti ji. Ko kallon takardar bai yi ba ya ce, "Kai, ka gwada wanda babu enzayim a kai?" Na ce a'a Malam. Ya ce je ka gwada ka dawo.

Na tsoma filatinam zalla, babu enzayim ko ɗigo, layi ya hau abinsa. Kunya kamar ƙasa ta tsage. Ashe a wannan bolt ɗin ba feroksaid kaɗai ke amsawa ba, bitamin C da sinadarin yurik asid da ke cikin jini su ma suna ba da lantarki, ni kuma duk na lissafa su a matsayin sukari.

A nan na koma na karanta Clark da idon basira. Tun elektrod ɗinsa na auna oksijin na 1956 sirrin yana wajen siririyar fatar da ya rufe filatinam da ita, oksijin ya wuce, dattin jini ya tsaya a waje. Masu bincike Updike da Hicks ma a 1967 abin da suka yi fama da shi kenan, yadda za a tsare enzayim cikin jel. Sai 1975 kamfanin Yellow Springs ya fitar da injin kasuwa a kan dabarar, shekara 13 fa, kuma yanzu na gane inda shekarun suka tafi.

Na shafa Nafion, wani sinadari mai yin siririyar fata, a sama, tunda yana korar abubuwa masu cajin negatif irin bitamin C. Amsar ta ɗan yi jinkiri, lantarkin ya ragu, amma wanda babu enzayim ya kwanta kusan shiru. Ina cikin murna Malam ya leƙo ya ce in ɗiga farasitamol in gani, shi ba shi da caji. Na ɗiga, layi ya sake hawa.