Idan Aka Ce Ƙarin Cikin Kai Ba Na Daji Ba Ne

Abin da ya fi damuna game da masu jinyar ƙari a cikin ƙoƙon kai a nan Kano shi ne, da zarar likita ya ce ba ciwon daji ba ne, sai iyali su yi hamdala su naɗe fayil ɗin asibiti su jefa ƙasan akwati. Hamdalar ta dace, amma akwai ƙarin da bai kamata a juya masa baya ba.

Ina nufin wanda likitoci ke kira efidamoyid. 'Yar jaka ce da ake haihuwar mutum da ita, domin tsakanin mako na 3 da na 5 na ɗaukar ciki wasu ƙwayoyin fata sukan maƙale a inda ƙwaƙwalwa take haɗuwa. Suna ci gaba da saɓa kamar yadda fatar jiki take yi, sai saɓar ta taru a cikin jakar, fara fat mai sheƙi. Kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarin da ke fitowa a cikin kai irinsa ne, kuma ya fi zama a lungun da ke bayan kunne, inda jijiyoyin ji da na fuska suke wucewa. Da yake a hankali yake girma, mai shi yakan kai shekara 20 zuwa 40 kafin ya fara jin ƙara a kunne, ko jiri, ko zogi a ɓarin fuska.

Rikiɗewarsa zuwa sankara abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Tun da wani likita mai suna Ernst ya fara bayyana hakan a 1912, waɗanda aka rubuta labarinsu a duniya ba su da yawa. Sai dai idan ta faru tana da muni ƙwarai, ko da an haɗa tiyata da gashin ƙarin da na'ura. Likitoci suna zargin kumburin da ya daɗe, musamman idan jakar ta fashe, ko kuma an bar guntun bangonta lokacin aiki. Barin guntun ba sakaci ba ne, domin bangon yakan manne wa jijiya ta yadda fizge shi zai iya shanye fuska ko ya kurmantar da mutum.

Don haka wanda aka yi wa aiki ya riƙa komawa ganin likitan ƙwaƙwalwa, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko duk inda aka duba shi, ya kuma adana tsofaffin hotunansa na MRI, domin da su ake gwada sabo. Ciwon da ya yi shekaru yana tafiyar hawainiya, idan ya tsananta cikin 'yan makonni, baki ya karkace ko tafiya ta koma tangaɗi, ba na kemis ba ne. A nan ne ake ɗaukar hoto da allurar da ke haska ƙari, domin jakar da ba ta rikiɗe ba yawanci ba ta shan wannan allura, ɓangaren da ya zama sankara kuwa yakan haska.