Darussan da na koya a sashen gwaji game da manhajojin bibiya na ɓoye

Yanzu da na ajiye aiki a kamfanin da na daɗe ina gwajin manhajojin waya a cikinsa, na ga ya dace in rubuta wa abokan sana'a abin da ya fi tsaya mini a rai. Aikin yau da kullum kowa ya san shi, don haka ba zan taɓa shi ba. Mafi yawan abin da na koya ya fito ne daga magana guda, wato yadda ake dasa ƙaramar manhajar wani kamfani a cikin manhajar da muka gina, ta riƙa kwashe bayanan mai waya ba da saninsa ba, da kuma abin da ke samun ma'aikacin da ya ce a dakata a duba.

Sashen kasuwanci ne ya ƙulla yarjejeniya da wani kamfani da ke biyan kuɗi gwargwadon yawan wayoyin da ke aika masa da bayanai. Aka miƙa wa masu rubuta manhaja ƙunshinsa, wanda muke kira SDK, suka saka shi, mu kuma aka gaya mana cewa aikinsa auna ingancin sadarwa ne kawai. Kamar yadda na saba kafin a fitar da kowane sabon zubi, na haɗa wayar gwaji da kwamfutata domin in ga duk abin da ke fita daga cikinta. Wayar tana ajiye a kan tebur, fuskarta a kashe, manhajarmu a rufe, amma layuka sai ƙaruwa suke yi a allon kwamfuta. A cikinsu akwai lambobin da ke nuna daidai inda wayar take, da lambar talla da ke bambanta ta da kowace waya, da sunayen hanyoyin WiFi da ke kusa, da jerin dukkan manhajojin da ke cikinta. Na shiga saitin manhajarmu na kashe maɓallin da muka rubuta wa jama'a cewa shi ne ke hana tura bayanai, amma babu abin da ya canza, domin ba a taɓa haɗa maɓallin da ƙunshin ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, duk lokacin da manhajar ta tashi, ƙunshin yana tuntuɓar kwamfutocin kamfaninsa ya karɓo sabon umarni game da abin da zai tattara da kuma sau nawa zai aika. Ma'ana, abin da na gwada yau yana iya zama dabam da abin da zai yi gobe a wayoyin mutane, ba tare da mun taɓa ko harafi ɗaya ba.

Na rubuta rahoto na aika wa shugaban sashenmu, kuma da na ji shiru na same shi a ofishinsa. Bai ƙaryata ko layi ɗaya ba. Ya dai ce mini, "Malam, aikinka shi ne ka tabbatar manhaja ba ta tsayawa. Karanta yarjejeniya ba naka ba ne." Na ce, "Yallaɓai, ai maɓallin da muka ce yana kashewa ba ya kashe komai, kuma wannan gwaji ne, ba yarjejeniya ba." Sai ya kawo mini hujjoji uku waɗanda daga baya na gane duk masu wannan harka sun haddace su: babu sunan kowa a cikin bayanan, mutane sun danna amincewa, kuma kowane kamfani haka yake yi. Aka mayar da rahotona cikin matsalolin da ba na gaggawa ba, aka daina gayyata ta zaman da ake yanke shawarar fitar da manhaja, aka ba ni aikin duba ko rubutu ya zauna daidai a wayoyi masu ƙaramar fuska. A takardar tantance ma'aikata ta ƙarshen shekara, ya rubuta cewa ina da ƙwazo amma ban fahimci muradun kamfani ba. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Hujjarsa ta farko ita ce ta fi yaudarar mutane masu hankali, shi ya sa nake so sababbin ma'aikata su san amsarta tun kafin a jefo musu ita. Bayanin inda waya take ba ya buƙatar suna kafin ya nuna mai ita, domin wayar da ke kwana a gida ɗaya kowane dare, ta kuma wuni a ofis ɗaya kowace rana, ta riga ta faɗi ko ta wace ce. A shekarar 2013 an wallafa wani bincike a mujallar Scientific Reports a kan zirga-zirgar mutum miliyan 1.5 na tsawon wata 15, aka gano cewa wurare 4 kacal tare da lokacin da aka je su sun isa a ware kashi 95 cikin 100 na mutanen ɗaya bayan ɗaya. A watan Disamba na 2019 jaridar New York Times ta bayyana cewa ta samu wani kundi mai ɗauke da bayanan wuri fiye da biliyan 50 daga wayoyi sama da miliyan 12 a Amurka, babu suna a ciki, amma 'yan jaridar suka bi sawun jami'an gwamnati da na tsaro har ƙofar gidajensu. Su kuma bayanan ba sa tsayawa a hannun wanda ya fara saye. A Nuwamban 2020 kafar Motherboard ta bayyana cewa manhajar Muslim Pro, wadda miliyoyin mutane ke amfani da ita don sanin lokutan salla da alƙibla, tana aika bayanan wuri ga kamfanin X-Mode, wanda daga cikin abokan cinikinsa akwai 'yan kwangilar rundunar sojin Amurka. Masu manhajar sun musanta cewa sun sayar wa sojoji da bayanai, suka kuma yanke hulɗa da kamfanin, a watan da ya biyo baya kuma Apple da Google suka umarci masu manhajoji su cire ƙunshin X-Mode. Mutumin da ya ba da izinin a ga inda yake domin a nuna masa alƙibla bai taɓa zaton sarƙar za ta kai can ba, kuma mai yiwuwa yawancin ma'aikatan da suka saka ƙunshin ma ba su zata ba.

Batun amincewa ba ya buƙatar doguwar magana. A 2013 hukumar FTC, mai kare masu saye a Amurka, ta zargi kamfanin da ya yi manhajar tocilan mai suna Brightest Flashlight da aika wa masu talla bayanan wuri da lambar da ke bambanta wayar da sauran wayoyi tun kafin mutum ya danna amincewa ko ƙin amincewa. Namu maɓallin irinsa ne, ado ne kawai.

Darasin da ya fi nauyi, wanda shugabana bai ma bari na kai gare shi ba, shi ne cewa manhajar bibiya ta ɓoye ƙofa ce ga masu kutse, ko da wanda ya dasa ta niyyarsa alheri ce. Dalili kuwa a fili yake. Ana ba ta izini mai faɗi domin ta ga komai, ana ɓoye ta domin kada mai waya ya kashe ta, sannan saboda a ɓoye take, masu binciken tsaro ba sa kai wa gare ta da wuri. A lokacin da aka mayar da ni duba girman rubutu na samu sararin karanta labarin Carrier IQ, kuma na yi mamakin yadda ya yi kama da namu. A Nuwamban 2011 wani mai kula da kwamfutoci a Amurka, Trevor Eckhart, ya nuna cewa akwai wata manhaja da ake dasawa a waya tun kafin a sayar da ita, ba ta bayyana ga mai wayar, kuma cire ta ya fi ƙarfin yawancin mutane. Kamfanin Carrier IQ, wanda ya yi manhajar, a lokacin yana alfahari da cewa manhajarsa tana cikin wayoyi fiye da miliyan 140. Martaninsa na farko shi ne aika wa Eckhart takardar barazanar shari'a, sai da ƙungiyar EFF, mai kare haƙƙin masu amfani da intanet, ta tsaya wa Eckhart sannan ya janye ya nemi afuwa. Kamfanin ya dage cewa manufarsa taimaka wa kamfanonin sadarwa su gano dalilin katsewar kira da saurin ƙarewar batir, kuma ba na shakkar cewa wannan yana cikin aikin manhajar. Amma a Fabrairun 2013 hukumar FTC ta cimma matsaya da kamfanin HTC mai ƙera wayoyi, wanda ya dasa manhajar Carrier IQ a wasu wayoyinsa, bayan ta zarge shi da cewa ya fitar da wayoyi ba tare da kashe sashen manhaja da aka saka don gwaji kawai ba, har abin ya sa ana rubuta bayanai irin su saƙonnin tes da inda mutum yake a cikin kundin da wasu manhajoji ke iya karantawa. Sakaci kawai ya wadatar, ba sai an samu mai mugun nufi a kamfani ba.

A 2016 ma haka aka yi, lokacin da kamfanin tsaro na Kryptowire ya gano cewa manhajar sabunta waya ta kamfanin Adups, wadda ke cikin wasu wayoyin BLU kimanin 120,000, tana aika saƙonnin tes da jerin kira da lambobin abokan hulɗa zuwa kwamfutoci a ƙasar Sin kowane sa'o'i 72. Manhajojin da ake sayar wa mutum domin ya leƙi wayar matarsa ko ma'aikacinsa sun fi muni ta wannan fuska, domin suna tara sirrin dubban mutanen da ba su san ana bin su ba a rumbu guda. An kutsa rumbun mSpy a 2015 aka watsa abin da ke ciki, a 2021 kuma FTC ta haramta wa SpyFone wannan sana'a gaba ɗaya, daga cikin dalilanta har da rashin kare bayanan da ya kwasa.

Namu al'amarin ya ƙare ne a ranar da kantin manhajoji ya aiko da gargaɗi cewa za a sauke manhajarmu idan ba a cire ƙunshin ba cikin wa'adin da aka ɗiba. Nan take abin da ba na gaggawa ba ya zama na gaggawa. A zaman shugabanni, wanda aka kira ni in zauna a bayan ɗaki ko za a buƙaci bayanin fasaha, na ga hotunan da na ɗauka da jadawalin da na tsara a kan allo, an cire sunana, shugabana yana gabatar da su a matsayin binciken da ya sa a yi. Da aka tambaye shi me ya sa aka makara, ya ce sashen gwaji bai nuna girman matsalar yadda ya kamata ba. Abin da ya hana a jingina mini laifin shi ne imel ɗin da na aika tun farko, mai ɗauke da kwanan wata da kalmar "babban haɗari" a kansa, wanda na tura wa shugabar sashen shari'a ba tare da na ƙara ko kalma ɗaya ba. Ba a hukunta ni ba, ba a kuma nemi afuwata ba. An cire ƙunshin, aka fitar da sabon zubi, aka rubuta wa jama'a a bayanin sabuntawa cewa an yi gyare-gyare don inganta aiki. Babu wanda ya sanar da su cewa an yi watanni ana aika inda suke kwana ga kamfanin da ba su taɓa jin sunansa ba, kuma yarjejeniyar ba ta ba mu ikon tilasta masa ya goge abin da ya riga ya karɓa ba. Wannan ya fi cire sunana ci mini rai, ko da yake ba zan ce cire sunan bai dame ni ba.

Ga wanda ya shigo sashen gwaji yanzu, shawarata ita ce ya duba abin da ke fita daga waya a lokacin da manhaja take rufe, ya gwada kowane maɓallin kashewa yana kallon allon kwamfuta maimakon ya yarda da abin da aka rubuta a jikinsa, kuma ya tambaya ko ƙunshin da aka ba shi yana karɓar umarni daga waje. Duk abin da ya gano ya aika da shi a rubuce, kada ya dogara da maganar baki a ofishin shugaba komai sakin fuskarsa, domin shugaban da ya ce "za mu duba" ba tare da ya sa rana ba ya riga ya yanke hukunci. Ya nemi ganin sashen yarjejeniya da ke magana a kan goge bayanai, ko da an ce masa ba hurumin sa ba ne. Ya kuma san mutum ɗaya a sashen shari'a tun kafin ya buƙace shi.

Masu waya kuwa sun samu wasu makamai a 'yan shekarun nan. Tun Android 10 a 2019 ana iya taƙaita izinin wuri ga lokacin da ake amfani da manhaja kawai, daga iOS 14.5 a Afrilun 2021 dole manhaja ta nemi izini kafin ta bi mutum zuwa manhajojin wasu kamfanoni, Android 12 kuma yana nuna koren ɗigo idan kyamara ko makirufo na aiki. Ƙungiyar Exodus Privacy ta Faransa tana wallafa jerin ƙunshin bibiya da ke cikin manhajojin Android kyauta, kuma da ita nake fara duba kowace manhaja kafin in saka ta. Sai dai duk waɗannan sun fi tasiri a kan abin da mutum ya sauko da shi da hannunsa. Abin da aka dasa tun daga masana'anta da izinin tsarin waya yana iya kauce musu, kuma a nan mai waya ya dogara ne kacokan ga ma'aikatan da suka gani a ciki.

Bayan gargaɗin, kamfani ya kafa kwamitin kare sirrin masu amfani da manhaja, wanda dole kowane sabon ƙunshi ya bi ta hannunsa kafin a saka shi. Ba a sa kowa daga sashen gwaji a ciki ba, kuma tsohon shugabana ne aka naɗa ya jagorance shi, saboda ƙwarewar da ya nuna wajen gano matsalar.