Ginshiƙin da Ba Kai Ka Kafa Ba

Mu uku ne a ɗan ofishinmu na gina shafukan intanet a Kano: ni, da mai zane, da wani yaro da nake koya wa aiki. Yawancin masu kawo mana aiki 'yan kasuwa ne, masu atamfa da leshi da turare, kuma a waya masu sayensu ke duba kaya.

Kwanakin baya wata Hajiya mai atamfa ta kira ni da sassafe. "Malam, shafin nan fa ya karkace." Na buɗe jeren kayanta na sama. Biyun da ta ƙara jiya sun baje sun cinye wuri, musamman mai dogon suna, ukun farko kuwa sun tsuke kamar an matse su a bayan a-daidaita-sahu.

Laifin namu ne. Da CSS Grid, wato tsarin jera kayan shafi a layuka da ginshiƙai, muka tsara jeren, wanda manhajojin buɗe shafi (burauza) irin su Chrome da Firefox da Safari suka fara karɓa a watan Maris na 2017. Yaron ya kafa ginshiƙai uku da grid-template-columns, kowanne 1fr, wato rabo daidai. Sai ya sa grid-auto-flow: column don kaya su riƙa tafiya gefe. Da kaya suka zama biyar, burauza ta ƙirƙiro ginshiƙai biyu da kanta. Su waɗannan ba ruwansu da awon da ka ba na farko. Idan ba ka ce komai ba, auto suke ɗauka: kowanne ya yi faɗin abin da ke cikinsa, ragowar ce ake raba wa masu 1fr.

Na ce, "Zo ka zauna nan, ƙanena." Muka goge ginshiƙai ukun gaba ɗaya, muka rubuta grid-auto-columns: minmax(220px, 1fr), wato awon duk ginshiƙin da burauza za ta ƙirƙiro da kanta, muka sa jeren ya riƙa zamewa gefe idan ya cika. Yanzu ko ashirin ta ƙara, babu wanda faɗinsa zai gaza fiksel 220 (fiksel shi ne ɗigon awon allo). A waya kuwa na fi son kowane kaya ya ci 70% na faɗin jeren, don gefen na gaba ya ɗan leƙo, mai saye ya gane akwai saura.

Ban karɓi ko sisi kan gyaran ba. Amma tun ranar, kafin mu miƙa aiki, sai yaron ya cusa kaya goma na gwaji, ɗaya da suna mai tsawon layi biyu, mu ga yadda jeren zai yi.