Ranar da yaro ya daina jiran a tuna masa

Tambayi iyayen da ɗansu ya gama neman gurbin jami'a abin da ya fi faranta musu rai. Da yawa ba za su ambaci takardar karɓa ba. Ranar da suka lura yaron ya daina jiran a ce masa "ka yi kaza" ita ce ke zama a zuciya. Tsarin Amurka yana fito da wannan fili, domin aikin kashi-kashi ne, kowane da wa'adinsa.

Fom ɗin Common App, wanda jami'o'i sama da dubu ke karɓa, ana buɗe shi ranar 1 ga Agusta. Masu nema da wuri kan miƙa takardu zuwa 1 ko 15 ga Nuwamba, saura kuma yawanci farkon Janairu. A kula, akwai nau'in nema da wuri da ke ɗaure ɗalibi: idan aka ɗauke shi, dole ya je can, ya janye takardunsa daga sauran wurare. Iyalin da suka sa hannu kafin su yi lissafin kuɗin makarantar kan shiga tsaka mai wuya.

Wasiƙar shaida kuwa, yaro ne zai je wurin malami ya roƙa da bakinsa, tun ƙarshen aji 11, wato ajin kusa da na ƙarshe a sakandare, in da hali. Malamin da aka zo masa saura kwana uku, abin da ya rubuta wa kowa shi zai rubuta.

Inda iyaye suka fi ɓata aiki shi ne rubutun da ɗalibi ke bayyana kansa, mai kalmomi 250 zuwa 650. Uba zai karanta, ya ga jimla ba ta yi masa ba, ya gyara. Gobe uwa ta ƙara nata. Kafin mako ya zagayo rubutun ya yi sumul, amma muryar ɗan shekara sha bakwai ta ɓace, sai ta dattijo. Masu tantancewa suna karanta irinsa da yawa, ba ya ɓuya musu. Tambaya ta fi gyara amfani: "Me kake nufi a nan?" ko "Daga nan sai me ya faru?" Sai a bar shi da alƙalaminsa. Daurewar ba sauƙi, musamman ga uban da ya iya rubutu.

Akwai kuma jerin ayyukan da ɗalibi ya yi a wajen aji: gurabe goma, kowane da haruffa 150 na bayani. Yara kan ɗauka sai wasanni da ƙungiyoyi ake sawa, alhali aikin neman kuɗi bayan makaranta da kula da ƙanne ko kaka mara lafiya duk suna da gurbi. A nan ne uwa kan yi shiru, ta ga a rubuce nauyin da 'yarta ta shekara uku tana ɗauka ba tare da kowa ya kira shi aiki ba.

Rabon iyaye shi ne kuɗi. Su ke da bayanan harajin da fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin Amurka, wato FAFSA, ke nema, su kuma za su faɗi abin da aljihu zai iya tun kafin a zaɓi makarantu. Sauran bibiya, zama ɗaya a mako ya isa, yaron ya zo da jadawalinsa ya faɗi inda ya kai. Idan an ɗauke shi, yawancin jami'o'i suna jiran amsarsa, ko zai zo ko a'a, zuwa 1 ga Mayu.