Kafin Superman ya tashi sama, injin bugu ne ya nemi aiki

Duk wanda ya ratsa layin masu kayan yara a kasuwar Sheikh Gumi ta Kaduna gab da sallah zai ga rigunan Superman da Batman da Spider-Man rataye, jakunkunan makaranta ma haka. Yawancin masu saye daga fim suka san su. Amma asalinsu takarda ce, takardar ma mafi araha, kuma waɗanda suka fara fito da su 'yan kasuwa ne masu injin bugu da motocin rarraba mujallu, ba masu sha'awar labari ba. Matasan Kaduna da ke zane a waya da kwamfuta suna burin fitar da nasu jaruman, wannan ɓangaren tarihin ya fi musu amfani a kan sanin wa ya fi wa ƙarfi tsakanin jaruman.

A farkon shekarun 1930 akwai wata maɗaba'a a jihar Connecticut ta Amurka, Eastern Color Printing, wadda ke buga wa jaridu shafukan zane masu launi na ranar Lahadi. Injin mai tsada ne, kuma duk sa'ar da ya tsaya asara ce. Sai ma'aikatanta, cikinsu har da Harry Wildenberg da Max Gaines, suka lura cewa idan aka rage girman shafin jarida, shafi biyu za su shiga takarda ɗaya, a naɗe, a sa waya a tsakiya, an sami ɗan littafi. A 1933 suka buga Funnies on Parade, kamfanin sabulu na Procter & Gamble ya raba shi kyauta don talla. A 1934 suka fito da Famous Funnies, shafi 64 ban da bango, a kan senti 10. Ba sabon labari a ciki, tsofaffin zanen jarida ne aka sake bugawa.

Lambar nan 64 ba da ka aka zaɓe ta ba. Babbar takarda ɗaya idan an naɗe ta tana ba da shafi 16, huɗu irinta 64 ke nan. Shi ya sa duk lokacin da takarda ta yi tsada aka rage, sai ka ga an sauko 48, daga baya 32. Har yau mai kai aiki maɗaba'a a Kaduna, in dai ɗinkin waya a tsakiya za a yi masa, dole yawan shafukansa ya rabu da huɗu. Wanda ya zana shafi 30 zai biya kuɗin 32, biyu su fito fanko.

Tsofaffin zanen jarida suka fara ƙarewa, masu su kuma suka ɗaga farashi. Wani tsohon soja, Manjo Malcolm Wheeler-Nicholson, ya ga cewa ya fi sauƙi ya biya matasa marasa aikin yi su zana masa sabo. A 1935 ya fitar da New Fun. Dabarar ta yi, aljihun ne bai kai ba. Bashin mai buga masa, Harry Donenfeld, ya taru, har dole ta sa suka haɗa kamfani da shi da akantansa Jack Liebowitz don fitar da Detective Comics a 1937. Shekara guda bayan haka Manjo ya rasa kamfanin, wanda ake binsa bashi ya koma ɗan kallo. Daga haruffan farko na wannan mujallar aka sami sunan kamfanin DC. Donenfeld yana da maɗaba'a, yana kuma da hannu a kamfanin rarrabawa na Independent News. Wannan ne ƙarfinsa, ba iya zane ba.

Ana cikin haka suka so fitar da sabuwar mujalla, Action Comics, kuma suna neman abin cike shafi. Wasu samari biyu daga Cleveland, Jerry Siegel mai rubutu da Joe Shuster mai zane, sun shafe shekaru suna yawo da labarin wani mutum daga wata duniya, jaridu suna mayar musu da shi. Da yake tsarin jarida suka yi masa, sai da suka yayyanka zanen suka sake liƙa shi ya dace da shafin mujalla, shafi 13. Aka biya su dala 130, wato dala 10 kowane shafi, su raba biyu. Takardar da suka sa wa hannu ta miƙa wa kamfanin Superman gaba ɗaya, har abada. Mujallar ta fito a watan Afrilun 1938, ko da yake Yuni aka rubuta a bango, an buga kwafi 200,000.

Wannan bambancin wata yana da dalili, kuma dalilin ya bayyana yadda kasuwar take. Mai shagon jarida ba sayen mujalla yake yi ba, ajiye masa ake yi. Abin da ya sayar ya biya, abin da ya yi kwantai ya mayar, sau da yawa ma bangon kawai yake yagewa ya aika a matsayin shaida. Watan da ke bango shi ne lokacin da zai sauke ta daga kan tebur, saboda haka kamfani ke rubuta wata biyu gaba don ta daɗe a idon mai saye. Illar tsarin ita ce kamfani ba ya sanin abin da ya sayar sai bayan watanni. Shi ya sa bayan fitowa ta farko ba a sake sa Superman a bango ba sai a ta bakwai. Kuɗi na shigowa, masu kamfanin ba su san wane labari ne cikin mujallar ke jawo yara ba.

Da suka gane, kowa ya gane. Bob Kane ya kawo Batman a Detective Comics ta 27 a 1939, amma Bill Finger ne ya ba da shawarar baƙar hular mai kunnuwa da mayafin, shi ya raɗa sunan Bruce Wayne, shi ya rubuta labaran farko. Kane ne ya zauna da kamfani ya ƙulla yarjejeniyar da ta sa sunansa kaɗai ke fitowa. Finger ya mutu a 1974 ba shi da komai, sai a 2015 aka fara rubuta sunansa a jikin Batman. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yawancin sababbin kamfanonin ba su da mai zane ko ɗaya. Akwai shagunan da ke haɗa mujalla sukutum su sayar, irin na Will Eisner da Jerry Iger, da kuma Funnies Inc. Aiki a irin waɗannan shaguna layi ne. Wani ya rubuta labari, wani ya zana da fensir a farar takarda mai kauri wadda ta fi shafin da za a buga girma sosai, wani ya rubuta maganganu da hannu, wani ya bi fensirin da baƙar tawada, wani ya goge fensir. Ana zana shi da girma ne don idan kyamara ta rage shi, ƙananan kurakurai su ɓace, layi ya yi tsaf. Ana rubuta magana kafin tawada don kada kumfar magana ta rufe fuskar da aka riga aka gama. Manyan baƙaƙe ake amfani da su zalla, domin takardar jarida tana shan tawada ta baje, ƙananan baƙaƙe irin a da e sai cikinsu ya toshe.

Launi kuwa a maɗaba'a ake yin sa. Tawada huɗu ce, baƙa da shuɗiya da ja-ja da rawaya, kowace da farantinta. Ukun masu launi ana sa kowace ko dai cike, ko rabi, ko kwata, ko babu, ta hanyar ƙananan ɗigo-ɗigo. Huɗu sau huɗu sau huɗu, launi 64 ke nan duk abin da mai zane ke da shi. Takardar tana ratsa faranti huɗu da gudu, da ɗaya ya goce ko da kaurin gashi ne, sai ja ya zubo waje da layin mayafi. Kaurin baƙin layin da ake yi wa jiki don ya ɓoye wannan gocewar ne. Ja da shuɗi da rawaya su ne suka fi fitowa ba matsala, ga su nan a jikin Superman da Wonder Woman da Flash, kore da shunayya kuma aka fi bar wa mugaye irin Joker. Ko a 1962 matsalar ba ta ƙare ba: toka-toka aka yi Hulk a fitowar farko, launin ya ƙi zama iri ɗaya daga shafi zuwa shafi, sai aka mayar da shi kore a ta biyu.

Daga shagon Funnies Inc. Martin Goodman, mai buga mujallun labarai masu araha, ya sayi kayan da ya fitar a matsayin Marvel Comics ta ɗaya a 1939, da Human Torch na Carl Burgos da Sub-Mariner na Bill Everett. Sunan kamfaninsa a lokacin Timely, daga baya ya koma Marvel. Bugun farko ya ƙare nan da nan, ya sake bugawa ninki-ba-ninki. Sai ya ɗauki nasa ma'aikatan, Joe Simon da Jack Kirby, waɗanda suka yi Captain America. Fitowar farko ta shiga kasuwa a Disambar 1940 da hoton jarumin yana naushin Hitler a muƙamuƙi, shekara guda cur kafin Amurka ta shiga yaƙin duniya na biyu. Garkuwarsa ta farko ba zagayayya ba ce. Kamfanin MLJ ya yi ƙorafin ta yi kama da ƙirjin nasu jarumin, The Shield, shi ya sa daga fitowa ta biyu ta koma zagayayya kamar yadda aka san ta yau. Simon da Kirby sun yi fitowa goma suka bar wurin bayan saɓani kan kason riba, aka ɗora wani yaro ɗan'uwan matar Goodman, bai kai shekara 20 ba, a kujerar edita. Shi ne Stan Lee. Aikinsa na farko ma gajeren labari ne na rubutu zalla a Captain America ta uku, irin shafi biyun da kowace mujalla ke sawa don ta cancanci rangwamen kuɗin aikawa ta gidan waya.

Max Gaines ma bai tsaya ba. Kamfaninsa All-American ya fitar da Flash da Green Lantern a 1940, da Wonder Woman ta William Moulton Marston a 1941, kafin ya sayar da kasonsa su koma ƙarƙashin DC. Kamfanin Quality ya yi Plastic Man na Jack Cole. MLJ kuwa ta ga labarin wani ɗan sakandare, Archie, ya fi jarumanta kasuwa, ta watsar da su har ta sauya suna zuwa nasa.

Inda aka fi zubar da kuɗi shi ne kotu. Victor Fox ya sa shagon Eisner ya yi masa Wonder Man a 1939, DC ta kai ƙara, fitowa ɗaya ya yi ya mutu. Ƙarar da ta kai kamfanin Fawcett ce ta ja. Captain Marvel na Bill Parker da C. C. Beck ya fito a 1940, yaro ne maraya, Billy Batson, da ya ce "Shazam" sai ya rikiɗe ya zama ƙato. A ganina wannan dabarar ta fi ta Superman shiga zuciyar yaro, kuma kasuwa ta nuna haka, domin a tsakiyar shekarun 1940 ya wuce Superman sayuwa, sama da kwafi miliyan ɗaya kowace fitowa. DC ta shigar da ƙara a 1941. A kotun farko Fawcett ta tsira, ba don alƙali ya ce ba a kwaikwaya ba, sai don an buga wasu zanen Superman a jaridu ba tare da alamar haƙƙin mallaka yadda doka ta ce ba. Saura ƙiris wannan sakacin ya raba DC da jaruminta. Kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin a 1951, a 1953 Fawcett ta biya dala 400,000 ta daina buga shi. Da DC ta karɓi hayar jarumin a 1972, sai ta tarar Marvel ta riga ta yi rajistar sunan Captain Marvel a matsayin tambarin kasuwanci, dole ta sa wa mujallar suna Shazam. Mallakar labari daban, mallakar sunan da ke bango daban, kuma kowanne da rajistarsa.

Siegel da Shuster sun kai nasu ƙarar a 1947, ba su dawo da Superman ba, an sasanta da su kan dala 94,000, aka cire sunayensu daga mujallar. Sai a 1975, ana shirin babban fim, surutu ya yi yawa har kamfanin ya yarda ya riƙa ba kowannensu dala 20,000 a shekara ya kuma mayar da sunan. A 2024 an sayar da kwafi ɗaya na Action Comics ta farko a gwanjo kan dala miliyan 6. Tsadar ta samo asali ne daga ƙarancinsa: takarda ce mai saurin rubewa, yara suka yi ta juya ta, sauran kuma aka kwashe lokacin gangamin tara takarda na yaƙi.

Bayan yaƙi kasuwar jarumai ta faɗi, labaran tsoro da na laifi da na soyayya suka karɓe. A 1954 likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya wallafa littafin da ya ɗora wa mujallun laifin lalata tarbiyya, majalisar dattawan Amurka ta yi zama a kai, kamfanonin suka kafa hukumar tace kansu mai hatimi a bango. Hatimin ba doka ba ne, amma dillalai sun ƙi ɗaukar mujallar da ba ta da shi, kamfanoni da yawa suka rufe. Superman da Batman da Wonder Woman kaɗai suka ci gaba da fitowa a mujallun kansu ba yankewa.

Goodman ma a wajen dillali ya kusa karyewa. Ya rufe nasa kamfanin rarrabawa ya koma American News Company, ita kuma ta durƙushe a 1957. Ba shi da zaɓi sai Independent News, wato dillalin abokiyar gabarsa DC, wadda ta gindaya masa sharaɗin mujalla takwas kacal a wata. A cikin wannan ƙuncin Lee da Kirby suka fitar da Fantastic Four a 1961. Da yake ba damar buɗe sabuwar mujalla, sai aka riƙa cusa sababbin jarumai cikin tsofaffi: Spider-Man na Lee da Steve Ditko ya fara ne a Amazing Fantasy ta 15, wadda ita ce fitowarta ta ƙarshe, Thor a Journey into Mystery, Iron Man a Tales of Suspense. Sai a 1968 aka sassauta sharaɗin, a shekarar ce Iron Man da Captain America da Hulk kowa ya sami tasa mujallar.