Yadda Na Koyar da Haruffan Turanci da Ba a Furtawa

A shekarun da na yi ina koyar da Turanci a makarantar sakandare, babu tambayar da ɗalibai suka fi yi mini kamar wannan: "Malam, me ya sa ake rubuta harafin da ba a faɗarsa?" Tambaya ce mai hujja, domin duk yaron da ya saba da rubutun Hausa, inda kusan kowane harafi yake da sautinsa, dole kansa ya ɗaure idan aka ce masa k da gh na kalmar "knight" ba su da aiki a baki.

Da na ga hadda ba ta zama a kansu, sai na koma ba su tarihi. Na shaida musu cewa lokacin da William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Westminster a 1476, mutanen Ingila suna furta k ɗin nan, ita kuwa gh asalinta sauti ne mai gurzar maƙogwaro, kusa da harafin kha da suka sani a Islamiyya. Ɗab'i ya taimaka rubutu ya tsaya wuri ɗaya, amma furuci bai tsaya ba, har wasula ma sun sauya tsakanin wajen 1400 da 1700. Nakan sa ajin duka su ɗaga murya su faɗi kalmar irin ta mutanen da, harafi bayan harafi, kuma wanda ya furta ta haka da bakinsa da wuya ya sake mantawa da rubutunta.

Sai dai dabarar ba ta shiga ko'ina. Harafin b na "debt" masana ne suka cusa shi don nuna tushen kalmar a Latin, saboda haka irin waɗannan sai da hadda.

Batun karin harshe ya fi damuna, domin yara da yawa suna jin kunyar bakinsu. Na nuna musu cewa mutumin Landan ba ya furta r a ƙarshen "car", amma ɗan Scotland da yawancin Amurkawa suna furtawa, kamar yadda Basakkwace yake cewa hwari, Bakano ya ce fari, kuma kowannensu ɗan gida ne. Ban tilasta musu kwaikwayon masu karanta labarai a BBC ba. Abin da na dage a kai shi ne sautin da ke sauya ma'ana, musamman p da f, don kada "pan" ta koma "fan", sannan a jarrabawar WAEC su riƙe rubutu ɗaya, kada su gauraya "colour" ta Birtaniya da "color" da ƙamus ɗin Noah Webster na 1828 ya yaɗa a Amurka.